Amshin da Ya Rage a Jiratawa

Unguwar Zariya, Maraɗi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin lafiya da kwanciyar rai, ya tsare miki hanyar da za ki kama, ya kai ki lafiya ya maido ki lafiya. Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nawa, amma ga wasiƙa a kan akwatinki. Shekara talatin da ɗaya na yi gaban allo ina zuba magana tun safe har rana ta take, ban taɓa rasa ta cewa ba. Yau kwana shida ina neman bakin da zan gaya miki magana guda, na rasa. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, shi ya sa nake ce miki Uwani, kuma abin da ke cikina ba na iya faɗarsa ina kallon mai wannan suna.

Ran Asabar za ki hau mota zuwa Yamai, daga can jirgi ya ɗauke ki zuwa ƙasar Turawa, ki yi shekara huɗu ko biyar kina karatun digirin doktora a kan Girkanci da Latin na dā, kina gwada waƙoƙinsu da namu. Mutanen unguwa sun gama yi mini dariya. Mai shagon bakin layinmu ya tare ni jiya ya ce, "Mushe malamin boko, wai ɗiyarka za ta tahi koyon yaren da masu shi sunka mutu? To da wa za ta yi ciniki?" Na ce masa da irinsa za ta yi, tunda shi ma kansa ya daɗe da mutuwa. Wannan bai dame ni ba, kuma kada ya dame ki.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar kaset. Kin rubuta wa malaman can cewa gidan kakanninki akwai wata doguwar waƙar rakiyar mamaci, cewa mahaifinki ya ɗauke ta a kaset huɗu tun yana saurayi, kuma a kanta za ki kafa rabin aikinki. Ni na ba ki wannan labari. Duk lokacin da kika tambaye ni sai in ce suna cikin kaya, ki tafi kawai, zan nemo in aiko miki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Uwani, ga ni na iso ƙarshensa. Babu kaset ko ɗaya. Ba gara ta ci ba, ba ruwa ya tafi da su ba. Ni na hallaka su da hannuna, zan kuma gaya miki yadda aka yi tun daga tushe, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mahaifina sarkin noma ne a ƙauyenmu na bayan Tsibiri. Mutanenmu a lokacin Anna ne, masu bin al'adar kaka da kakanni, Inna ma sai da girma ya kama ta ta fara salla. In babban manomi ya mutu, matan gidanmu ke yi masa rakiya da waƙa. Mace ɗaya ke jan waƙar, ɗaya na amshi. Inna ke ja, ƙanwarta Inna Tani ke amsawa. Ana kiran kowace gona da sunanta, da wanda ya fara sare dajinta, da shekarar da fari ya ci ta, da shekarar da ta cika rumbu har aka gina wani. Ana farawa da hantsi, ba a direwa sai la'asar. Sau ɗaya na ji ta a muhallinta, ranar da aka rufe mahaifina, ina ɗan shekara goma sha biyu, an ɗauko ni daga lakwal, makarantar boko, da wandon kaki. Na laɓe bayan rumbu ina addu'ar kada wani ɗan ajinmu ya gifta ya gan ni.

Kuskurena na fari ke nan, kuma daga shi sauran suka tsiro. A lakwal ɗinmu akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa, ana ce masa sambol. Sau ɗaya ya hau wuyana, na rantse ba zai ƙara ba, bai kuwa ƙara ba. Da na tafi lise, babbar sakandare, a Yamai wani Bature ya koya mana Latin shekara uku. Na haddace baituka rututu, in na zo hutu sai in tsaya tsakar gida ina rera su, hannu a baya, kamar zakaran da ya ga babu wani a gari. Wata rana Inna tana sussuka ta tsaya ta jingina taɓarya ta ce, "Wagga waƙa ta, ko addu'a?" Na ce waƙar manoman Rum ce ta shekaru aru-aru. Ta ce, "Ashe su ma suna noma. To in manominsu ya mutu, mi suka ce mishi?" Na tuntsire da dariya, na ce wannan ba tambayar karatu ba ce. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aikinta.

Duba da kyau, Uwani. Tambayar da tsohuwa ta yi a gindin turmi ita ce za ki ƙetare teku ki yi shekara biyar kina neman amsarta, har a ba ki hula da riga a kanta. Ni da na samu amsar a arha, na sayar da ita da dariya. Don haka in wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya yi miki tambaya a kan karatunki, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare shi. In kin ji dariya na taso miki, ki haɗiye ta, ki tuna ubanki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na yi yawo da shi a wuya shekara da shekaru ina tsammanin abin ado ne.

Da na fara koyarwa a nan Maraɗi, aka ce duk mai son ƙarin girma sai ya rubuta ɗan bincike a kan wata al'adar gargajiya. Sai lokacin na tuna ina da uwa mai waƙa. Na ari rediyo mai ɗaukar magana, na sayi kaset huɗu a Sabon Gari, na aika aka ɗauko Inna Tani daga Jiratawa inda take aure. Da farko sun ƙi. Inna ta ce ba a kiran rakiya ba gawa, mugun fata ne. Na yi ta naci har ta ce to, za su maimaita ta mahaifina, tunda shi ya riga ya tafi. Suka zauna ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida, ƙafafu a miƙe, suka fara.

Ba a yi nisa ba na fara katse su. Duk inda sunan mahaifina ya zo sai Inna ta ce "mai baƙar hauya, gagara fako", ko sau ɗari ne sai ta faɗa. Duk ƙarshen baiti kuma Inna Tani ta amsa da "gona na kira, wa ka amsawa?" Ni kuwa malamin Faransanci ne, aikina jan layi da jan bik, wato biro, ƙarƙashin duk maganar da yaro ya faɗa sau biyu. Na ce, "Inna, kin faɗi wannan, wuce gaba." Ta wuce. Na sake katse ta. A karo na uku Inna Tani ta dube ni ta ce, "Kai ɗan lakwal, in ka sake sa muna baki, tashi za mu yi. Ba a tsallake kunya a noma." Na ja bakina na yi shiru, suka kai ta har la'asar, kaset huɗu cif. Da suka dire Inna ta yi kuka, ni kuwa ina duba ko batir ya ƙare.

Na koma ɗakina na zauna da kaset ɗin sati biyu. Ban rubuta Hausar ba, ko layi ɗaya. Na juya abin zuwa Faransanci kai tsaye, na tsame labarin gonakin, na zubar da duk kirarin da ke dawowa da duk amshin. Waƙar wuni guda ta koma shafi goma sha ɗaya. A gabatarwa har na rubuta cewa na tsabtace ta daga yawan maimaici irin na waɗanda ba su yi karatu ba. Uwata nake nufi. Masu dubawa suka yaba, suka ce aikin ya fita tsaf, aka ƙara mini girma.

Ga nasihata a nan, ki riƙe ta da hannu biyu. Duk abin da aka ba ki da baki, ki fara ajiye shi yadda aka ba ki shi, da tarinsa da tsakinsa da inda mai shi ta yi tuntuɓe ta koma baya. Gyara da fassara su biyo daga baya, a wata takarda dabam. Kuma ki yi hattara da yabon malamai. Za su so ki kawo musu abin gidanmu a wanke a goge, daidai girman aljihunsu. In sun ce aikinki ya fita tsaf, ki koma ki duba me kika zubar.

Yanzu ga inda na fi jin kunya. Bayan wasu shekaru aka ba ni ajin masu jarrabawar bak, ta ƙarshen lise. Akwai wani shiri da gidan rediyon Faransa ke yi a kan adabi, na ga ya kamata yarana su ji yadda ake Faransanci na asali. Na duba ɗaki ba sabon kaset, kasuwa kuma da nisa, rana ta yi zafi. Sai na jawo na farkon cikin huɗun nan. Na saka shi, muryar Inna ta fito tana kiran gonar Tudun Kuka. Na ji ta, Uwani, ba zan ce ban ji ba. Na ce a raina ai na riga na rubuta, kuma ai tana nan da ranta, duk ran da na so sai in sake ɗauka. Na danna jan maɓallin ɗauka, shirin ya hau kanta. Sati na gaba na yi da na biyu. Kafin hutun damina duk huɗun sun tafi. Yaran da na yi wa wannan hidima, yau in mun haɗu a kasuwa rabinsu ba sa gane ni.

Kada ki taɓa cewa "ai tana nan". Babu kalmar da ta cuce ni kamarta. Inna ta yi shekara tara a gidan nan bayan wannan, ɗakin da kike kwana yanzu nan ne ɗakinta. Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe ta in wuce lakwal, ban taɓa cewa "Inna, sake yi mini" ba. Can inda za ki, za su nuna miki guntayen takardun da aka tono daga rairayi, rabin baiti a nan, kalma uku a can, manyan malamai masu furfura suna ta jayayya a kan abin da ya ɓace a tsakani. Ki sani kowane giɓi da kika gani akwai wani irina a bayansa, wanda rana ta yi wa zafi, kasuwa ta yi wa nisa.

Inna ta rasu kina da shekara goma. A al'adar gidanmu, macen da ta riƙe waƙar ita ma ana yi mata rakiya. Ran sadakar uku ina zaune a ƙofar gida da darektan lise da abokan aiki da limamin unguwa, sai na jiyo murya daga cikin gida. Inna Tani ce ta zauna tsakar gida ita kaɗai, ta miƙe ƙafafu, tana ta jefa amshi babu mai ja mata: "Gona na kira, wa ka amsawa?" Na ga liman ya ɗaga kai, na ga darekta ya dubi ƙasa. Na tashi na shiga, na tsaya a kanta na ce, "Ba a gidana ba." Ta dube ni tun daga takalmi har hula. Ta ce, "Gidanka na, gaskiya ta." Ta ɗauki mayafinta ta fita, ko ruwa ba ta sha ba. Shekara goma sha bakwai ke nan ba ta taka gidan nan ba, ni ma ban taka nata ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina don addini na yi. Ƙarya ce. Da don Allah na yi, da na ja ta gefe na yi mata magana mai laushi irin wadda ake yi wa uwa. Don idon darekta na yi. Ni da na shekara ina koya wa 'ya'yan Musulmi waƙoƙin Rumawa cike da sunayen gumakansu, ban taɓa jin imanina ya girgiza ba, sai a kan tsohuwar da ke kukan 'yar'uwarta. Ki riƙe sallarki a can, ki riƙe ta da kyau, kada sanyi ko yawan aiki su sa ki wasa da ita. Amma duk ran da kika ji za ki wulaƙanta wani naki, ki tsaya ki tambayi kanki tsoron wa kike ji, na Allah ko na mutanen da ke zaune a ƙofar gida.

Kin tuna hutun bara, da kika dawo daga jami'a muna zaune kina ba ni labarin karatunki? Kika ce tsofaffin waƙoƙin Girkawa cike suke da maimaici, kowane jarumi da kirarinsa da ke biye da sunansa duk inda ya fito, kuma da wannan ne masana suka gane da baki aka rera su kafin a rubuta. Kika ce maimaicin shi ne ƙashin bayan waƙar, shi mawaƙi ke takawa ya huta ya tuno na gaba. Kina ta murna, kika ce, "Baba, shi ya sa nake ɗokin jin kaset ɗin Kaka." Na ce miki shayi ya ƙona mini harshe, na tashi. Ranar kuma kika tambaye ni ko akwai wanda ya rage da ya san waƙar, na ce babu. Wannan ma ƙarya ce.

Shekaranjiya na hau babur na tafi Jiratawa. Inna Tani na nan da ranta. Idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, tana zaune a bakin ɗaki a gidan jikanta tana ɓarar gujiya da lalube. Na yi sallama na durƙusa. Ta ce, "Muryar wa nika ji? Mai gida na?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To mi ya kawo ka?" Na gaya mata komai, har da jan maɓallin. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta, can ta ce, "Ni ban da waƙa. Mai waƙa na ƙasa. Amshi ɗai gare ni, shi ko ka ce ba ka so."

Sai ta fara ƙirga mini su da yatsu. Ashe ba ɗaya ba ne, kowane sashe da nasa amshin, na sharar daji dabam, na fari dabam, na girbi dabam, har ashirin da uku, kuma tana riƙe da su a jere ba wanda ya kuɓuce mata. Kin ga yadda Allah ya yi da ni. Abin da na zubar shi kaɗai ya rayu da Hausarsa. Abin da na ce na adana kuwa yana kwance cikin Faransancin saurayi mai girman kai, babu kalmar Inna ko ɗaya a ciki.

Na ce mata akwai ɗiyata mai sunan yayarta, za ta tafi karatun waƙoƙi, tana bukata. Ta daina ɓarar gujiyar. Ta ce, "Ta zaka da kanta. Ranar farko ba bik ba takarda, ta zamna ta amsa da bakinta har shi zamna mata. Daga baya ta ɗauka da abin da taka so." Na ce to. Ta ce, "Ban ƙare ba. Amshi ba ya tashi shi ɗai. Kai za ka zamna inda yayata ka zama, ka buɗe takardar taka, ka maido ta da Hausa, ka ja muna. Rakiyar da ka hana, ita za mu yi. Shekara goma sha bakwai tana jira a bakin hanya."

Na dawo gida na ciro littafin binciken nan nawa daga ƙasan akwati, na gwada shafin farko ni kaɗai. Na nemi kalmomin Inna, nawa ke fitowa, busassu kamar karan bara. Na san abin da zan ja ran nan ba waƙarta ba ce, kuma tsohuwa za ta ji bambancin a kowane baiti. Wannan hukuncina ne, na karɓa. Ke kuwa dole ki rubuta wa malamanki tun kafin ki tashi, ki gaya musu babu kaset, ga abin da ke akwai: shafi goma sha ɗaya da amshi ashirin da uku a bakin makauniya. Kada ki rufa mini asiri, ki ce mahaifinki ne ya goge su. In sun ga aikin ya rage daraja, ni na jawo miki, kuma ban san da me zan biya ki ba. Amma kada ki fara shekara biyar a kan ƙaryata.

Littafin na ƙarƙashin wannan takarda. Ran Laraba da hantsi zan fito da babur in tsaya a ƙofar gida. In kin fito, mu tafi tare, ki samu kwana uku da ita kafin Asabar. In ba ki fito ba, ba zan ga laifinki ba, zan tafi ni kaɗai in ja mata yadda na iya.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki abin da ya rufe mini, ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa, ya kare ki daga sanyin ƙasar da sanyin mutanenta. Allah ya tsare ki a mota, ya tsare ki a jirgi, ya maido mana ke da ilimin da ba ya sa mutum ya laɓe bayan rumbu. Allah ya jiƙan mai sunanki, ya sa ta yafe mini, tunda ita ba ni da inda zan kai mata takarda.

Ni ne mahaifinki,
wanda gona ta kira bai amsa ba.